Saitin Tafet: Abin da Ya Sa Shirun Janareta Ba Lafiya Ba Ne

Akwai wani ɗan gibi a cikin janareta da injin ban-ruwa da babur wanda faɗinsa bai wuce kaurin reza ɗaya ko biyu ba. Idan ya yi daidai, inji zai yi shekaru yana yi maka aiki. Idan aka rufe shi, kafin rani ya fita sai an sauke wa injin kai. Makanikai suna kiran aikin daidaita wannan gibi da saitin tafet, kuma a kansa zan yi magana yau, duk da na san 'yan uwa an saba ganin bayanin waya da kwamfuta a nan.

Ni mai gyaran waya ne a Ɗanbatta, ba bakanike ba. Amma duk wanda yake wannan sana'a a gari irin namu ya san rabin jarinsa janareta ne. Bulowar da nake ɗaga aisi da ita wuta take ci sosai, ga ayon, ga allon caji da wayoyin mutane suke jere a kai. Ranar Lahadi da kasuwa take ci, mutanen ƙauyuka da masu shanu suna shigowa da wayoyinsu, wani allo ya fashe, wani bakin caji ya lalace, kuma kowa so yake a gama masa kafin motar garinsu ta tashi. Idan a ranar aka ɗauke wuta, inji kuma ya ƙi tashi, to cinikin sati ne ya tafi. Shi ya sa na matsa wa kaina sai na san abin da ke cikin akwatin nan da nake ja wa igiya kullum. Akwai wani dattijo bakaniken injina da rumfarsa take kusa da shagona, a wurinsa na koyi yawancin abin da zan faɗa, saura kuma a littafin inji da bidiyoyi na gani.

Kafin mu yi nisa, mai ƙaramin Tiger ɗin nan da ake haɗa masa fetur da baƙin mai wuri ɗaya, wannan bayani ba naka ba ne. Irin wannan inji ba shi da bawul mai tafet, fistan ne yake buɗe ramuka yana rufewa. Maganar ta shafi injin da ake zuba wa baƙin mai daban, wanda za ka ga an rubuta OHV a jikin wani murfi mai kusurwa huɗu a gefensa. Yawancin janaretocin da ke shagunanmu, su Elepaq da Sumec Firman da manyan Tiger, da injinan ban-ruwan da manoman rani suke ja da su a bakin Dam ɗin Thomas, ƙirarsu ɗaya ce a ciki. Kwaikwayon injin Honda ne mai suna GX160 da yayansa GX200, kuma sau da yawa za ka ga an buga 168F a jikin injin. Fenti da suna ne suka bambanta. Wanda ya iya ɗaya ya iya sauran.

A kan injin akwai bawul biyu. Ɗaya yana buɗewa iska da fetur su shiga daga kafireta, ɗayan yana buɗewa hayaƙi ya fita ta salansa. Can ƙasa akwai kamshaf mai ƙusumbi, idan ya juyo sai ƙusumbin ya ɗaga tafet, tafet ya tura wata siririyar sanda, sandar ta ɗaga gefe ɗaya na wani ƙarfe mai kama da sikeli da ake ce wa roka, ɗaya gefen rokar kuma ya danna bawul ƙasa ya buɗe. Da ƙusumbin ya wuce, sifirin ya dawo da bawul ya zauna a mazauninsa. Gibin da muke magana a kai yana tsakanin bakin roka da kan bawul, a lokacin da bawul ɗin yake rufe.

Janaretan da yake ba da wuta irin ta Najeriya yana juyi 3000 a minti ɗaya. Kamshaf rabin wannan gudun yake yi, ke nan kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 1500 a minti, sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Idan ka kunna inji awa 8, kowane bawul ya sauka a mazauninsa sau 720,000. A wuni ɗaya fa.

To me ya sa za a bar gibi? Me zai hana a matse komai ya haɗu?

Zafi ne dalili. Ƙarfe yana ƙara tsawo idan ya ɗauki zafi, kuma sassan inji ba daidai suke ɗaukar zafin ba. Bawul ɗin hayaƙi shi ne ya fi kowa shan wuya, domin wutar da ta ƙone a cikin silinda ta jikinsa take wucewa, kansa yana iya haura digiri 600. Ƙarfe mai tsawon santimita 6, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 300, yana ƙara kamar milimita 0.2. Shi ma kan injin na alminiyom yana buɗewa, sandar turi ma haka, amma kowanne da nasa lissafin da nasa lokacin. Masu ƙera injin sun yi wannan lissafi sun gama, sai suka ce bar gibi kaza idan inji yana da sanyi, domin ko a wane hali injin ya shiga, bawul ya samu damar rufewa ruf. A littafin Honda na tsohon samfurin GX160, gibin bawul ɗin shiga milimita 0.15 ne, na hayaƙi 0.20. Na hayaƙin ya fi faɗi saboda shi ya fi zafi.

Ga kuma wani abu da mutane ba su cika sani ba. Bawul ba shi da fanka, ba shi da ruwa. Babbar hanyar da yake sauke zafinsa ita ce wannan ɗan zaman da yake yi a mazauninsa, ƙarfe ya taɓa ƙarfe, zafin ya tsallaka zuwa kan inji, fanka ta kwashe. Idan aka matse tafet har bawul ya daina zama sosai, ka hana shi wurin shan iska ke nan. Sannan wuta za ta riƙa bi ta 'yar kafar da ta rage, kamar yadda mai walda yake yanka ƙarfe da gas. A hankali sai ta ci gefen bawul ɗin.

Na ga wannan da idona a injin ban-ruwan wani kawuna da yake noman rani. Injin yana ta ƙas-ƙas-ƙas, ƙarar ta dame shi, ya kai wa wani yaro mai gyara a can kusa da gonarsu. Yaron ya buɗe murfi, ya ɗaure noti har ƙarar ta ɗauke ɗif, ya ce an gama. Kawu ya ji daɗi, har yana cewa injin ya koma kamar sabo. Bai yi sati uku ba ruwan da injin yake turowa ya fara raguwa, igiya ta yi laushi, sai an ja sau goma kafin ya kama, yana ta tari ta salansa. Ranar da ya ƙi tashi gaba ɗaya, albasa tana tsakiyar neman ruwa, ga zafin watan Maris. Aka ɗauro shi a bayan babur aka kawo wa dattijon nan maƙwabcina. Da ya sauke kan, ya ciro bawul ɗin hayaƙi ya miƙo min, gefensa ya cinye kamar ɓera ya gatsi ƙuli-ƙuli. Ya kalli kawu ya ce, "Alhaji, ai da ka bar shi da surutunsa. Wanda yake ƙara yana gaya maka yana rufewa ne. Shirun nan da ka biya kuɗi aka yi maka shi ya cinye shi." Kwana biyu aka yi kafin a samo bawul da gasket da suka dace a gama aikin, kuma a kwana biyun nan hayar injin maƙwabci kawu ya yi da kuɗinsa da man sa.

Ba wai ina cewa sakin tafet abu ne mai kyau ba. Idan gibin ya yi yawa, bawul ba ya buɗewa yadda ya kamata, yana makara wurin buɗewa yana saurin rufewa, ƙarfin inji ya ragu, roka kuma ta riƙa dukan kan bawul kamar guduma har su cinye juna. A janareta za ka gane: da ka ɗora masa kaya mai nauyi, kamar in kunna bulowa, sai ka ji ya durƙusa, ƙwai ya yi ja kafin ya farfaɗo. Akwai kuma wata alama da take ruɗar mutane. A jikin kamshaf ɗin irin waɗannan injina akwai wani ɗan ƙarfe da yake ɗan ɗaga bawul ɗin hayaƙi kaɗan lokacin da kake jan igiya, don matsin ya ragu igiyar ta yi sauƙi, da inji ya kama sai ya kauce. Ɗagawar 'yar mitsitsiya ce. Idan gibin ya yi faɗi, sai ɗagawar ta ƙare a cikin gibin ba ta kai ga bawul ba. Sakamakon shi ne igiya ta yi tauri, ta riƙa fizge maka hannu, wani lokaci ta tsinke. Na sha ganin mutum ya canza igiya sau uku a wata ɗaya yana zagin masu sayar da igiya, alhali matsalar tana ƙarƙashin murfin OHV. Amma duk da haka, tsakanin sako-sako da matsewa, sako-sako yana ba ka labari da wuri kuma gyaransa minti ashirin ne. Matsewa ba ta magana sai ta gama ɓarna.

Yadda ake yin saitin ba wani abu ne mai wuya ba, haƙuri kawai yake so. Kayan aikin su ne sifana mai lamba 10, da mai lamba 14, da abin kwance fulogi, da fila geji, wato 'yan siraran ƙarafan nan masu kama da wuƙar aljihu da aka rubuta kaurin kowanne a jikinsa. Ana samunsa wurin masu kayan gyaran babur da mota, idan ba a samu a gari ba ana samu a Kano, Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. Ka nemi wanda aka rubuta da milimita, domin wasu da inci suke zuwa, kuma 0.006 na inci shi ne 0.15 na milimita, kada lambobin su rikita ka.

Inji ya kwana bai yi aiki ba. Wannan sharaɗi ne, ba shawara ba, domin lambobin da na faɗa na inji mai sanyi ne. Da safe kafin a kunna shi ne lokacin. Rufe famfon mai, cire hular fulogi, ka kwance fulogin gaba ɗaya don injin ya riƙa juyawa cikin sauƙi kuma kada ya tashi hannunka yana ciki. Goge ƙurar da ke kewaye da murfin kafin ka buɗe, musamman lokacin hunturu, don duk yashin da ya faɗa ciki cikin baƙin mai zai tafi. Kwance kusoshi huɗun, ka ɗaga murfin a hankali saboda gasket.

Za ka ga roka biyu. Wadda take ɓangaren kafireta ita ce ta shiga, wadda take ɓangaren salansa ita ce ta hayaƙi.

Yanzu sai wurin da aka fi yin kuskure, wato nemo inda za a tsayar da fistan. Ja igiya a hankali kana kallon rokokin. Za ka ga ta hayaƙi ta danna bawul ɗinta ta sake, nan take ta shiga ta danna nata ta sake. Bayan ta shiga ta sake, fistan zai fara hawowa sama da bawul biyun a rufe. Saka wani abu mai laushi ta ramin fulogi, kamar tsinken shan lemo na roba, ka ci gaba da ja kaɗan-kaɗan har ka ji fistan ya ture shi zuwa ƙarshe ya tsaya. Kada ka saka sukundireba, kada ka saka karan da zai karye a ciki. Abin lura, fistan sau biyu yake zuwa sama a kowane zagaye. A ɗaya zuwan, bawul ɗin hayaƙi yana gama rufewa na shiga yana fara buɗewa, rokokin duk a ɗaure suke. Idan ka yi saiti a nan, ka ɓata komai. Zuwan da kake nema shi ne wanda idan ka kama rokokin biyu da yatsa za ka ji suna ɗan motsi. Kuma ka tabbata fistan ya kai ƙarshen sama, saboda ɗan ƙarfen nan mai sauƙaƙa igiya yana taɓa bawul ɗin hayaƙi ne a kan hanyar hawowa, idan ka tsaya a rabi zai ba ka awon ƙarya.

Auna kafin ka kwance komai. Zura 0.15 tsakanin roka da kan bawul ɗin shiga, 0.20 a na hayaƙi. Wani lokaci za ka tarar lafiyarsu ƙalau, sai ka mayar da murfi ka nemi matsalar a wani wuri. Idan akwai gyara, a tsakiyar kowace roka akwai noti biyu, babba mai lamba 14 a ƙasa, ƙarami mai lamba 10 a sama. Babban shi ne na saiti, ƙaramin makulli ne. Riƙe babban, sassauta ƙaramin, sannan ka juya babban kaɗan-kaɗan gejin yana ciki, har ka ji gejin yana shiga yana fita da ɗan ja. Dattijon ya kwatanta min jan da cewa kamar kana zaro takardar kuɗi daga tsakiyar littafin da aka rufe. Ba ta maƙale ba, ba ta kuma zube da kanta ba. Idan ka samu wannan, riƙe babban gam kada ya motsa, ka ɗaure ƙaramin. Sai ka sake aunawa, domin ɗaure makullin yana yawan canza gibin, kuma ba abin mamaki ba ne ka maimaita sau uku kafin ya zauna. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ita ce ka gwada gejin da ya fi kauri: a bawul ɗin shiga 0.15 ya wuce, 0.20 ya ƙi. Juya injin zagaye biyu, dawo da fistan wurin, ka auna na ƙarshe.

Mu masu waya mun san wannan ciwon ta wata fuskar. A iPhone, idan ka ɗauki sukuru mai tsawo ka saka a ramin gajere, bambancin bai kai milimita ɗaya ba, amma yana iya huda hanyoyin da ke cikin allon wayar ya kashe ta. Hannun da ya saba da irin wannan ba zai sha wuyar fila geji ba.

Makanikai da yawa ba su da geji, da reza suke yi. Ba zan raina su ba, domin rezar aski mai baki biyu kaurinta yana kusa da 0.10, biyu a haɗe kuma kusan 0.20, kuma tsofaffin hannu da yawa sun rayar da injina da haka. Amma 0.15 fa? Reza ɗaya ta yi kaɗan, biyu sun yi yawa, sai a koma ƙiyasi. Ni a ganina wanda yake karɓar kuɗin mutane a kan wannan aiki ya kamata ya mallaki geji, kuɗinsa bai kai na sauke kan inji sau ɗaya ba.

Babur ma haka tsarin yake, sai dai gibinsa ya fi ƙanƙanta kuma kowane iri da lambarsa. Honda CG125, wanda babura da yawa na China suka kwaikwayi injinsa, 0.08 ne. Ƙananan Honda irin su C70 da C90 kuwa 0.05. A babur ba sai ka saka tsinke ba, akwai alamar T a jikin magneto da ake daidaitawa da wani ɗan tsagi. Kada ka ɗauki lambar janareta ka kai wa babur, ka duba ta naka.

To yanzu ga abin da ya sa na ga dole in yi wannan rubutu. Yaranmu suna koyon gyara a waya, kuma abu ne mai kyau, ni ma da yawan abin da na iya a can na gani. Amma idan ka nemi bidiyon saitin bawul, da yawan waɗanda za su fito maka na Amurka ne, inda mutane suke ƙera manyan injinan V8 na Chevrolet da Ford don tsere da nishaɗi. Za ka ga Bature yana murza sandar turi da yatsu biyu yana ɗaure noti, har ya ji motsin ya ƙare, babu gibi ko kaɗan, sannan ya ƙara rabin juyi ya kulle. Babu geji, babu komai. Yaron da bai ji Turancin sosai ba, hannu kawai yake kallo, sai ya ce ashe haka ƙwararru suke yi. Ya je ya yi wa janaretan gidansu.

Abin da Baturen yake yi daidai ne a injinsa, domin tafet ɗinsa ba irin namu ba ne. Namu ƙarfe ne guda, dunƙulalle. Nasa tafet ne mai aiki da matsin mai. A cikinsa akwai wani ɗan ƙaramin fistan da yake zaune a kan sifirin, da ɗaki a ƙarƙashinsa da baƙin mai yake cikawa ta wata ƙofa mai ƙwallo da take barin mai ya shiga ta hana shi komawa. Idan gibi ya samu, sifirin ya turo ɗan fistan sama, mai ya cike wurin. Idan ƙusumbi ya taso, ƙwallon ta rufe, man da aka kulle ba ya matsuwa, sai tafet ɗin ya zama kamar ƙarfe guda ya tura. Idan ƙarafa suka yi zafi suka ƙara tsawo, mai kaɗan yana tsiyayewa ta gefe, tafet ɗin ya rage tsawonsa. Wato shi yake yi wa kansa saiti a kowane juyi. Dabarar ta daɗe, tun 1930 Cadillac ta saka irinta a injinta mai silinda 16.

Rabin juyin da ake ƙarawa bayan gibi ya ƙare, amfaninsa shi ne a danna ɗan fistan nan ya shiga ciki kaɗan, yawanci tsakanin rabin milimita zuwa ɗaya da rabi, don ya samu wurin motsi sama da ƙasa. Nawa za a juya ya danganta da zaren kusar da abin da masu ƙera tafet ɗin suka ce, wasu kwata, wasu rabi, wasu har juyi guda. Idan dannawar ta yi kaɗan, inji zai yi ƙara kuma ɗan fistan ya riƙa dukan zoben da yake tare shi. Idan ta yi yawa, musamman a babban gudu, tafet ɗin yana iya cika da mai fiye da kima ya hana bawul rufewa. Su ma sai sun tabbata tafet yana kan bayan kamshaf inda babu ƙusumbi kafin su taɓa noti, kuma dabararsu ita ce: idan bawul ɗin hayaƙi ya fara buɗewa, a saita na shiga na wannan silinda, idan na shiga ya kusa gama rufewa, a saita na hayaƙi. Waɗanda suka fi so kuma su ne masu 'yar taya a ƙasa, wadda take gangarawa a kan ƙusumbi maimakon ta riƙa gogarsa. Tayar tana rage gogayya, tana ba da damar a yi ƙusumbi mai tsini da zai buɗe bawul da sauri. Ford ta fara saka irinsu a injin Mustang a 1985, Chevrolet ta biyo baya a 1987.

Duk wannan yana aiki ne saboda akwai ɗan fistan da zai haɗiye rabin juyin. A janaretanka babu shi. Babu inda rabin juyin zai tafi sai kan bawul. Ka danne shi ke nan ya zauna a buɗe, ko dai injin ya ƙi tashi sam, wanda shi ne sa'arka, ko ya tashi ya bi hanyar injin kawuna.

Ba sai an je Amurka ba ma, muna da tafet mai aiki da mai a nan. Golf 3 ɗin da suke jigila a hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura irinsa ne a cikinsu, sai dai nasu ba shi da notin saiti sam. Idan ka ji Golf tana ƙas-ƙas da safe na 'yan daƙiƙu sannan ta yi shiru, mai ne ya tsiyaye cikin dare yake sake cikawa. Idan ƙarar ta ƙi ɗaukewa, a duba baƙin mai, ko ya yi ƙasa, ko ya yi datti ya toshe 'yan ƙofofin, ko famfon mai ya gaji, ko tafet ɗin kansa ya mutu sai canji. Wanda ya ce zai saita maka tafet ɗin Golf da sifana, ka tambaye shi wane noti zai juya. Tsohuwar Peugeot 504 kuwa, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, irin namu ce ta geji, shi ya sa tsofaffin makanikai suka fi yaran yanzu sanin wannan aiki. A kanta suka koya.

Saura maganar yaushe za a duba. Littafin Honda ya ce duk shekara ko duk awa 300 na aiki, wanda ya riga zuwa. Mutane suna riƙe shekarar su manta da awannin. An rubuta shekara ne don wanda yake kunna inji jefi-jefi. Mai shagon caji ko mai ban-ruwa da yake kunna inji awa 8 kullum, cikin kwana 38 ya cinye awa 300. Kuma gibin ba buɗewa kawai yake yi ba, yana iya rufewa da kansa ba wanda ya taɓa shi, saboda dukan da bawul yake yi wa mazauninsa yana sa ya riƙa nutsewa ciki a hankali, jelarsa tana tasowa tana cinye gibin. Inji da ya saba 'yar ƙararsa sai ka ji ya yi shiru haka kawai, yana kuma wuyar tashi, to a buɗe murfi.

Wannan ya fi shafar waɗanda suka mayar da janaretansu na gas. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, mutane da yawa sun saka kafireta mai amfani da tukunyar gas ɗin girki, kuma a lokacin an samu sauƙi a ciki. Amma gas busasshe ne, ba ya jiƙa bawul ya sanyaya shi kamar fetur, don haka mazaunin bawul ɗin hayaƙi ya fi saurin cinyewa, musamman a ƙananan injinan da ba don gas aka ƙera su ba. Mai irin wannan inji kada ya jira awa 300. Dattijon nan yana cewa masu gas su kawo duk wata, kuma idan zai saita musu na hayaƙi, gara ya karkata ɓangaren faɗi kaɗan da ya karkata ɓangaren matsi.

Ni abin da nake yi, duk ranar da na auna, ina rubuta kwanan wata da lambobin da na tarar a jikin tankin da maka, kafin in gyara. Idan wata uku a jere na ga na hayaƙi yana raguwa, daga 0.20 zuwa 0.15 zuwa 0.12, na san mazaunin ya fara tafiya, sai in nemi bawul da gasket in ajiye tun kafin wata Lahadi ta zo min da shi a mace. Gejin kuma a shafa masa ɗan baƙin mai kafin a naɗe shi, domin damina ɗaya ta isa ta sa masa tsatsa, kuma gejin da ya yi tsatsa ya fi abin da aka rubuta a jikinsa kauri.